Daminar da Na Yi Noma a Tsaye

Shekaranjiya ruwa ya sauka a garinmu tun da hantsi, bai ɗauke ba sai bayan la'asar. Jiya da safe na tafi gona. Hatsin da muka shuka a ruwan farko ya fito, kunne biyu kunne uku, kowane gindi da raɓa a bakinsa. Na tsaya a kan iyaka ina bin layi da ido tun daga ƙafata har gindin gawon da ke gabas, babu wanda ya ɓace mini. Akwai daminar da na tsaya a daidai wurin nan ban ga komai ba sai kore cikin hayaƙi. Ita nake so in rubuta a kayen nan, littafin rubutuna, tunda malaminmu na karatun manya ya ce wanda hannunsa ya fara faɗawa ya rubuta abin da ya sani. Shekarun sun fi goma yanzu.

Garinmu ƙaramin ƙauye ne tsakanin Gazawa da Agye. A lokacin gidana kaɗai ne gidan Kirista a cikinsa. Sauran kuwa dangina ne, Musulmi, muna zaune lafiya. Majami'armu tana wani ƙauye, tafiyar awa ɗaya da rabi a ƙasa.

Ciwon idon ya fara tun matata Rahila tana da rai. Babu zafi, babu ƙaiƙayi, sai dai kullum kamar ana ƙara ɗanyen icce a murhu. Ita kaɗai ta sani, kuma ta rufa mini asiri yadda ta iya. In muna zaune a ƙofar gida wani ya taho, sai ta ce kamar da kanta take magana, "A'a, ga Malam Sani nan da sabuwar hula." Ni kuma in ɗaga murya in gaishe shi da sunansa, har in yabi hular. Rahila ta rasu da kaka, bayan an gama ɗaurin hatsi. Daga ranar duk wanda ya taho inuwa ce kawai, sai ya yi magana nake sanin ko wane ne.

Ɗiya guda ce ta rayu mana, Saratu, tana aure a Maradi. Bayan kwanakin makoki ta ce, "Baba, ka taho mu tafi. Wa zai dafa maka? Akwai ɗaki a zaure, maigidana ya yarda."

Na ce, "Gonar fa?"

"A ba Baba Sani aro."

Na ce mata ƙarfina yana nan, lafiyata lau. Na san da ta gane ba na gani, ba za ta sake neman shawarata ba, mota za ta kawo. Ni kuwa na san yadda aron gona yake ƙarewa, na kuma san yadda mutum yake komawa in ya zauna a zauren surukinsa ana miƙo masa kwano safe da yamma. Shekarata arba'in da 'yan kai a lokacin. Saboda haka na ƙudura babu wanda zai sani, kuma zan noma gonata a daminar nan ko da lalube.

Bazarar ta yi tsawo. Rana takan fito da zafinta tun ba a gama shan fura ba, ƙasar tsakar gida ta riƙa cin tafin ƙafa. Gidan na san shi da ƙafafuna: taki tara daga ɗaki zuwa randa, taki goma sha huɗu zuwa rumbu. Hatsin nakan ɗiba in kai wa matar ɗan'uwana Sani ta daka, ta aiko mini da fura da rana, wani lokacin da tuwo. Hannuna ne ya riƙa gaya mini rumbun yana ƙasa, don kowane mako sai na ƙara zurma kafaɗa kafin in taɓa zangarniya. Na rage abin da nake kai mata. Ta tambaya, na ce zafi ne ya hana ni ci.

Majami'a kuma na daina zuwa. Hanyar ta ratsa gonaki ne da kwazazzabo, sau biyu ina ɓata. Na aika wa Fasto cewa ƙafa ke damuna. Ranar Lahadi sai in wanke fuska, in sa rigar da na saba sawa, in zauna a kan tabarma ina fuskantar bango. In yi waƙar da na tuna, in yi addu'a. Muryar mutum ɗaya a cikin ɗakin ƙasa ba ta zuwa ko'ina. Wani lokacin nakan tsaya a tsakiyar waƙa, a inda Rahila takan ɗauka, in jira, sannan in tuna. Ban iya karatu ba a lokacin, ko da ina gani ba abin da zan buɗe. Addu'ata ba ta da tsawo. Nakan ce, "Ubangiji, ka san gonar nan, ka san ni. Kada ka raba mu." Ban taɓa roƙon ido ba. Na ɗauka wannan ya riga ya wuce.

Ruwan shuka ya zo da iska mai ƙarfi wata ranar Talata da yamma. Ƙamshin ƙasa ya cika ɗaki. Da safe gari duk ya watse gona. Shuka aikin mutum biyu ne, ɗaya yana gaba yana sara da sungumi, ɗaya yana baya yana zuba iri yana rufewa da diddige. Shekara ashirin da wani abu ni ne gaba, Rahila ce baya. A shekarar nan sai in sara rami goma, in ajiye sungumi, in dawo ina neman ramukan da yatsun ƙafa. Abin da muke gamawa a kwana biyu ya ɗauke ni kwana biyar, har ƙasa ta fara shan iska. Mutane suna wucewa suna cewa, "Sannu Ayuba, Allah ya ba da haƙuri." Sun ɗauka kewa ce ta rage mini sauri.

Hatsi ya fito, ciyawa ta fito tare da shi. Lokacin nan ne yunwa ta fi tsanani a ƙauye, tsohon hatsi ya ƙare, sabo bai zo ba. Furar da ake aiko mini ta koma ruwa-ruwa. Nakan tsinko tafasa a bayan gida, da wari nake gane ta, in dafa da gishiri da ɗan ƙuli-ƙuli. In na duƙa a gona sai in ji cikina yana manne da bayana.

Na shiga noman fari da hauyata. Mu nan a duƙe muke noma, da gajeriyar hauya, yadda kakanninmu suka zo da ita daga wajen Katsina. Ina laluba gindin hatsi da hannun hagu, in nome kewayensa, in matsa. Da farko a hankali nake yi. Da na ga kwanaki suna tafiya, ciyawa tana rigana, sai na daina lalube, na dogara da hannun da ya saba. Na riƙa tafiya da sauri, har ina jin daɗi.

Rana ta huɗu na ji takun mutum a bayana. Sani ne, taubashina, ɗan ƙanwar mahaifina, wanda gonarsa take iyaka da tawa. Tun muna yara ba ma haɗuwa ba tsiya, kowa na cewa ɗan'uwansa bawansa ne.

Ya ce, "Bawana, sannu da aiki. Da wa kake faɗa ne, da ciyawa ko da hatsi?"

Na ce, "Wuce ka ba ni wuri, malalaci. Ka gama taka ne?"

Bai yi dariya ba. Ya kama hannuna ya zuba mini wani abu a ciki. Ganye ne masu laushi, sun fara yaushi. Na murza, na kai hanci. Hatsi ne.

"Tun daga bakin gamba har nan," in ji shi. "Layinka ya karkace tun wurin shuka, kai kuma kana tafiya miƙe. Kwana biyu ina kallonka daga can ina cewa ko wata dabara ce ta Kiristoci." Sai ya ce, "Ayuba, wace riga ce a jikina?"

Na ce, "Fara."

"Ba riga a jikina."

Na zauna a ƙasa. Rana tana tsakar ka, ƙudaje suna bin zufata. Na ce, "Don Allah kada ka gaya wa Saratu."

"Tun yaushe?"

"Shekara uku."

"Shekara uku! Kuma kake yaba mini hula?" Ya tsuguna kusa da ni. "Ba zan gaya mata ba. Amma limaminku zan gaya wa, ko ka so ko ka ƙi."

Ranar kasuwar Gazawa ya sami Fasto. Washegari na ji ƙarar moto, babur ɗin Fasto, a ƙofar gida. Fasto bai yi mini faɗan ƙaryar ƙafa ba. Ya buɗe idona da yatsa ya duba, ya ce, "Ɗan'uwa Ayuba, ni ba lokotoron asibiti ba ne, amma wannan kamar yanar ido ce. Ana cire ta. Akwai asibitin mishan da ke yin aikin."

Na ji tsoro. Ina yaro na ga an kawo wa wan mahaifina mai maganin ido, ya soka masa tsinke a ido a tsakar gida. Ya ga haske kwana uku, daga nan ya shiga duhu da ciwon kai har ya mutu. Na gaya wa Fasto haka. Ya ce wannan daban, wancan daban. Na ce a bari sai kaka. Ya ce, "Kakar wa? In ka ƙara kwana huɗu a gonar nan da hauya, me za ka girbe?"

Mun tafi da motar kasuwa. Aka duba ni, aka ce yana ce a duka biyun, za a fara da na dama. Da aka kwantar da ni aka rufe mini fuska da ƙyalle, lokotoron ya tambaya da Hausarsa mai tsalle-tsalle ko na yarda ya yi addu'a. Na ce na yarda. Ya yi ta gajeriya cikin sunan Yesu. Wata bakwai ke nan rabona da in ji wani yana addu'a kusa da ni, hawaye ya zubo ta gefen idon da ba a taɓa ba. Aikin kansa bai kai tsawon dafa shayi ba. Allura ce kawai na ji.

Da safe wata ma'aikaciya ta zo ta ɓare filasta. Haske ya soke ni, na rufe. Na sake buɗewa a hankali. Ga bango, an shafa masa shuɗi daga ƙasa zuwa rabi. Ga tsaga a jikin bangon, ga tururuwa tana bin tsagar. Tururuwa!

"Baba, yatsu nawa?"

"Uku. Da zobe a na tsakiya."

Ɗakin ya ɗauki dariya. Na dubi hannayena, sun tsufa ban sani ba. Na ce, "Na gode, Yesu," na sake cewa, ban iya ƙara komai a kai ba. Abin da ban roƙa ba shi aka ba ni.

Sai na hangi mace a bakin ƙofa, tsaye da kwano a hannu. Na ɗauka Rahila na gani. Saratu ce. Fasto ne ya aika mata, shi bai yi mini alkawarin komai ba. Ashe ciki gare ta, har ya tsufa, ta zo gida sau biyu ban gani ba. Na kawar da kai.

Ta ce, "Baba, shekara uku?"

Ta ajiye kwanon a gefen gadona.

Kafin a sallame ni ma'aikaciyar ta ba ni baƙin tabarau da maganin ɗigawa, ta kafa mini doka. Kada ruwa ya shiga, kada in murza, kada in ɗauki kaya mai nauyi. "Kuma kada ka duƙa, Baba. Wata guda. Ko takalminka ya faɗi, bar shi."

Na ce, "Ɗiyata, ni manomi ne. Noman fari ake yi."

"To zaɓi, ido ko gona."

Saratu ta ce, "Shi ke nan, ka zauna wurina watan nan." Na san lissafin. Wata guda a Maradi, ciyawa ta cinye gona. Babu hatsi, babu abin komawa, zaman wata guda ya zama na har abada. Na kwana uku a gidanta don kada ranta ya ɓaci, na huɗu na ce zan je in duba awaki. Ta raka ni tasha.

Abin da na fara gani a ƙauye gidana ne. Yanar gizo a kowace kusurwa, tukwanen Rahila jere yadda ta bar su, zanenta ɗaya rataye a bayan ƙofa, wata tara ina wucewa ta gefensa. Daga nan na tafi gona. Na ga aikina da idona. Wajen kashi ɗaya cikin uku na share shi tas, ƙasa fes kamar masussuka, sai gindi ɗaya nan ɗaya can. Sauran kuwa ƙarangiya da harkiya sun kai hatsin wuya, ya yi rawaya yana neman iska. Na tsaya da tabarau ina kallo, hauyata tana rataye a kafaɗa, ba ni da ikon sunkuyawa in cire ko tsinke ɗaya.

Na yi tunanin gayya. Amma gayya sai da mace a gida mai dama fura da tuƙa tuwon mutum ashirin, sai da hatsi a rumbu, kuma kowa yana fama da tasa ciyawar. Sani ya ba ni safiya ɗaya, ya nome abin da ya iya, ya koma tasa. Ban ga laifin kowa ba.

Kwana biyu ina zuwa in zauna a gindin gawo ina kallon ciyawa tana girma. A rana ta uku na hangi mutum can arewa, nesa sosai, inda da ba zan san akwai duniya ba. Yana tafiya a gonarsa a miƙe, kamar mai kora dabba da sanda. Agali ne, wani Buzu da ya zauna a bayan garinmu da raƙuminsa da 'yan awaki. Noma yake yi da hauyar tsaye, irin ta mutanen arewa: ƙota ta fi mutum tsawo, bakinta kamar jinjirin wata, ana tura ta gaba a ƙarƙashin rairayi tana yanke saiwar ciyawa. A garinmu ba a ɗauke ta noma ba. Dattawa sukan ce shafar ƙasa ce, aikin wanda ba ya son bayansa ya san ya yi aiki. Ni kaina na sha yi wa Agali dariya.

Da na koma a duba idon bayan mako guda, na tambayi ma'aikaciyar, "In a tsaye ne fa?" Na kwatanta mata. Ta je ta tambayo, ta dawo ta ce in ƙara kwana uku, sannan in yi da sanyin safiya kawai, da tabarau, in na ji nauyi a ido in bari.

Na je wurin Agali neman aron hauyarsa, ya saurare ni har na gama. Ya ce, "Kai ne ka ce mini ina yi wa ƙasa susa?"

"Ni ne."

Ya shiga bukka ya fito da wata tsohuwar hauya. "Kada ka ja ta, ba irin taku ba ce. Tura ta. Kada ka danna, ita ta san hanya."

Ranar farko hannuna ya yi ta neman ja. Rana ta biyu na fara kamawa. Labari kuwa ya riga ya zaga gari. Masu wucewa suka riƙa tsayawa a bakin hanya. Wani ya ce, "Ayuba, saura rawani da raƙumi!" Sani ya leƙo daga iyaka ya ce, "Jandarma da baƙin gilashi yana sintiri a gona. Ranka ya daɗe, a kama ƙarangiyar nan a kai ta buron hukuma!" Wani dattijo kuma bai yi wasa ba, ya ce mahaifina da yana da rai da bai ji daɗin ganin wannan ba. Wannan ta zauna mini a rai kwana da kwanaki. Amma ina tura hauyar ina ganin kowane gindi, ina kauce masa, ina ganin ciyawa tana kwantawa a bayana. Kafin rana ta yi zafi in koma gida, in ɗiga magani, in dafa tafasata, in ci ni kaɗai. Inda na share kuma na shuka wake, ina jefa iri daga tsaye ina rufewa da ƙafa.

Yau matasan garinmu da yawa da shanu suke huɗa, wasu ma sun sayi hauyar tsayen a kasuwar Gazawa, ba mai ce musu komai. Ana zuwa har ƙauyuka a duba idon tsofaffi. Na hagun nawa an yi shi bayan shekara biyu, da rani, ba wanda ya ma lura na tafi.

Daminar ta yi kirki a ƙarshenta. Hatsin da ya tsira ya yi kai, waken ya yi 'ya'ya. Ranar godiyar kaka na ɗauki damin farko a ka, na bi hanyar nan ta kwazazzabo ban ɓata ba, na ajiye shi a gaban majami'a tare da na kowa. Nawa ne ya fi ƙanƙanta.

Bayan mako biyu Saratu ta zo da jaririya a baya da babban buhu wofi a hannu. Na san na kwashe kayana ne. Ta gaishe ni, ta sha ruwa, ta zaga gidan. Ta tsaya a gindin rumbu, ba ta leƙa ba.

"Baba, zai kai?"

"Zai kai bazara."

"Bayan nan fa?"

"Bayan nan akwai wake. Akwai Ubangiji."

Ta daɗe tana jujjuya buhun a hannunta. Jaririyar ta motsa, ta jijjiga ta. Can ta ce, "To zuba mini waken kaɗan, na Maradi duk ƙwari ne."

Na zuba mata har ta ce ya isa. Da la'asar na raka ta bakin gari, inda hanya take miƙewa zuwa titi. Ta ce in koma, na ce to. Ban koma ba. Na tsaya ina kallonta da buhu a ka da goyo a baya, jan kallabinta yana ƙanƙancewa a tsakanin karan hatsi, ta wuce rijiya, ta wuce kukar makiyaya, ta zama ɗan ɗigo, ina ganinta har ta hau tudu ta gangara. Sannan na juya gida na hura wuta.